FILIN LISSAFI: Kacici-kacicin Ƙwayoyi Tara da Yadda Kwamfuta Take Warware Shi

Darasinmu na wannan wata a kan lissafin sau ne, wato ninkawa. Amma ba irin wanda muka saba ba. Wannan kacici-kacici ne. Za mu gwada shi da hannu tukuna. Bayan haka za mu ga dabarar da masu aiki da kwamfuta suke bi su warware shi.

Kada kowa ya ce ba shi da kwamfuta, don haka darasin ba nasa ba ne. Kwali da fensir sun isa. Kuma wayar hannu da ke aljihun da yawa daga cikinmu ita ma ƙaramar kwamfuta ce.

Kafin mu fara, mu san kalma ɗaya. Kowace lamba da ƙwayoyi ake rubuta ta. Lamba 7 ƙwaya ɗaya ce. Lamba 48 ƙwaya biyu ce, wato 4 da 8. Lamba 159 ƙwaya uku ce. Ƙwayoyin lissafi duka guda goma ne: 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9. Da su ake rubuta kowace lamba komai girmanta, kamar yadda ake rubuta kowace magana da baƙaƙe da wasula.

GA KACICI-KACICIN

A samo kwalin sukari ko na sabulu. A yanka shi gida tara. A rubuta 1 a kan na farko, 2 a kan na biyu, har zuwa 9. Ban da sifiri. A baza su a kan tabarma.

Abin da ake so shi ne a shirya katunan nan tara su zama lissafin sau wanda yake daidai. Lamba sau lamba, ga amsa. Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, dole kowane kati ya shiga. Na biyu, kati ba ya shiga sau biyu, tun da ɗai-ɗai ne a hannunmu.

Ga misalin wanda ya yi daidai:

48 × 159 = 7632

Mu tabbatar da kanmu, kada mu yarda don an buga a jarida. Mu fara da 159 sau 8. Takwas sau tara, 72. Mu rubuta 2, mu riƙe 7. Takwas sau biyar, 40, a haɗa da 7 ya zama 47. Mu rubuta 7, mu riƙe 4. Takwas sau ɗaya, 8, a haɗa da 4 ya zama 12. Mun sami 1272.

Sai 159 sau 4. Huɗu sau tara, 36. Mu rubuta 6, mu riƙe 3. Huɗu sau biyar, 20, da 3, 23. Mu rubuta 3, mu riƙe 2. Huɗu sau ɗaya, 4, da 2, 6. Mun sami 636. Amma wannan 4 ɗin a gidan gomomi take, wato 40 ce. Saboda haka 6360 ke nan. A tara 1272 da 6360, a sami 7632. Lissafi ya yi.

Yanzu a dubi katunan: 4, 8, 1, 5, 9, 7, 6, 3, 2. Tara cif. Babu wanda ya rage a tabarma, babu wanda aka nema sau biyu.

To, tambaya ita ce: shiri nawa ne irin wannan? Kuma yaya za a gano su duka, ba tare da an bar ko ɗaya a baya ba?

Wasa da ƙwayoyi 1 zuwa 9 tsohon abu ne, kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa ganin hatimi mai gida tara ya san shi. A layin sama 4, 9, 2. A tsakiya 3, 5, 7. A ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 ake samu. Wani malami mutumin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kishnawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin shirya irin waɗannan gidaje a shekarar 1732. Ya rasu a Alƙahira a 1741. A Ingila kuma an yi wani mai suna Henry Dudeney, wanda ya shahara da ƙirƙirar wasannin lissafi. A littafinsa na 1917 akwai sashe guda na wasanni da ƙwayoyin nan tara. Hatimi na tarawa ne. Namu na yau na ninkawa ne, kuma ya fi shi wuya.

A RAGE AIKI KAFIN A FARA

Mai hankali ba ya shiga gona da fartanya sai ya san iyakarta. Mu ma mu nemi iyakar aikinmu.

Amsa ƙwaya nawa za ta zama? A ce ƙwaya biyar ce. To kati huɗu ne suka rage na lambobin da za a ninka. Mafi girman abin da ƙwaya biyu sau ƙwaya biyu za su bayar shi ne 99 × 99 = 9801. Ƙwaya huɗu ke nan, bai kai biyar ba. Ƙwaya ɗaya sau ƙwaya uku kuwa, 9 × 999 = 8991. Shi ma bai kai ba. Ashe amsa ba za ta zama ƙwaya biyar ba, balle fiye.

A ce kuma amsa ƙwaya uku ce. Kati shida suka rage. Mafi ƙanƙantar ƙwaya uku sau ƙwaya uku shi ne 100 × 100 = 10000. Ya wuce gona da iri. Haka 10 × 1000, haka 1 × 10000. Duk dubu goma ne. Wannan ma ba ta yiwuwa.

Saura ɗaya: amsa ƙwaya huɗu ce. Kati biyar suka rage. Ko dai a raba su ɗaya da huɗu, ko biyu da uku. Siffa biyu ke nan kawai:

ƙwaya 1 × ƙwaya 4 = ƙwaya 4
ƙwaya 2 × ƙwaya 3 = ƙwaya 4

Akwai sauran abin ragewa. A dubi ƙwayar ƙarshe ta kowace lamba, wato wutsiyarta. Wutsiyar amsa daga wutsiyoyin lambobin biyu take fitowa.

Idan lamba ɗaya ta ƙare da 1, wutsiyar ɗayar ce za ta sake fitowa a amsa. Misali 21 × 347 zai ƙare da 7. An nemi katin 7 sau biyu ke nan. Don haka babu lambar da za ta ƙare da 1 cikin waɗanda ake ninkawa.

Idan lamba ta ƙare da 5, amsa za ta ƙare da 5 ko da 0. Biyar ta riga ta shiga. Sifiri kuwa ba mu da katinsa. Ita ma 5 ta fita daga wutsiya.

Shida tana da nata hali. Shida sau biyu, 12. Shida sau huɗu, 24. Shida sau takwas, 48. Kun gani? Biyu ta dawo, huɗu ta dawo, takwas ta dawo. Saboda haka idan lamba ɗaya ta ƙare da 6, ɗayar sai dai ta ƙare da 3 ko 7 ko 9.

Mu gwada siffar farko da hannu, mu ga nauyin aikin. A ɗauki 9 a matsayin lambar farko. Tara sau 1112 ya ba da 10008, ya haura ƙwaya huɗu. Ke nan lamba ta biyu ba za ta wuce 1111 ba. Daga 1000 zuwa 1099 kowace tana da sifiri. Daga 1100 zuwa 1111 kowace tana da 1 sau biyu ko fiye. An gama da tara, babu komai a wurinta.

A ɗauki 8. Takwas sau 1250 dubu goma ne, don haka iyakarmu 1249. Lambobin da ba su da sifiri, ba su da 8, kuma ba su maimaita ƙwaya ba, guda goma ne: 1234, 1235, 1236, 1237, 1239, 1243, 1245, 1246, 1247, 1249. Biyu sun ƙare da 5, a cire su. Biyu sun ƙare da 6, ga shi 8 muke ninkawa da ita, a cire su. Saura shida.

8 × 1234 = 9872 (8 da 2 sun dawo)
8 × 1237 = 9896 (9 sau biyu)
8 × 1239 = 9912 (9 sau biyu)
8 × 1243 = 9944 (9 sau biyu)
8 × 1247 = 9976 (9 sau biyu)
8 × 1249 = 9992 (tara ta cika gida)

Takwas ma ta tashi a tutar babu. Wannan da sauƙi, don filin ƙarami ne. Amma idan aka sauko kan 4 da 3 da 2, filin yana faɗaɗa ƙwarai. Biyu kaɗai tana iya haɗuwa da lambobi har kusan 5000. Ga kuma siffa ta biyu tana jira. Nan ne hannu yake gajiya, ido ya fara tsallake lamba. Nan ne kuma ake kiran kwamfuta.

KWAMFUTA BA TA DA WAYO, TANA DA SAURI

Mutane da yawa suna zaton kwamfuta ta san komai. Ba haka ba ne. Ba ta san kacici-kacici ba. Abin da aka umarce ta shi take yi, ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ba ta umarnin banza, aikin banza za ta yi, da sauri kuwa. Jerin umarnin da ake rubuta mata shi ake kira manhaja. Shirya aiki mataki-mataki yadda ko wanda bai fahimta ba zai bi ya kai ga amsa, shi Turawa suke kira algoridim. Sun ciro kalmar daga sunan al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza shekara fiye da dubu ɗaya da suka wuce.

Ninkawa ba ta ba kwamfuta wahala. A ba ta 39 da 186, nan take ta ce 7254. Matsalar a wani wuri take. Yaya za ta gane cewa babu ƙwayar da ta maimaitu? Mu da ido muke dubawa. Ita ba ta da ido. A wurinta 7254 adadi ne dunƙule guda, kamar a ce buhu nawa ke cikin rumbu. Ba ta ganin 7 daban, 2 daban.

Ana iya ɓare lambar da lissafi. A raba 7254 da 10, saura 4, an sami wutsiya. A raba 725 da 10, saura 5. Haka har a gama. Hanya ce mai kyau, kuma masu manhaja suna bin ta. Amma akwai wadda ta fi ta sauƙin rubutawa da sauƙin ganewa. Ita ce a daina kallon lambar a matsayin adadi, a mai da ita rubutu.

LAMBA DABAN, RUBUTU DABAN

A nan za mu daɗe kaɗan, don nan ne zuciyar darasin.

Ku dubi lambar waya. A Nijeriya ƙwaya goma sha ɗaya ce, kuma da sifiri take farawa. Shin adadi ce? Wa ya taɓa tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa? Wa ya taɓa raba ta biyu? Babu. Suna ce kawai da aka rubuta da ƙwayoyin lissafi. Idan aka ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin farko zai faɗi, don 08 da 8 duk ɗaya ne a ƙidaya. Amma a buga waya ba ɗaya ba ne.

To, masu kwamfuta sun raba abin gida biyu. Akwai lamba ta ƙidaya, wadda ake tarawa, a ɗebe, a ninka, a raba. Akwai kuma jerin haruffa, wanda suke kira da kalmar da ke nufin kirtani. Sunan ya dace. Ku tuna da 'ya'yan carbi a zare. Kowane yana wurinsa, ɗaya na bin ɗaya. Ana iya ƙirga su. Ana iya taɓa na farko ko na biyar. Ana iya zare su a sake jera su. Ana iya ƙulla zare biyu su zama ɗaya.

Don a bambanta su, ana sa kirtani cikin alamar zance. 12 lamba ce. "12" kirtani ne mai 'ya'ya biyu. A ido kamar ɗaya suke, amma ku ga yadda halinsu ya bambanta:

12 + 483 = 495
"12" + "483" = "12483"

A layin sama an tara. A layin ƙasa an ƙulla. Alamar ɗaya ce, aikin biyu ne. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin darasin.

A cikin kwamfuta kowane harafi yana da lambarsa ta ɓoye. Harafin "1" lambarsa 49, "2" lambarsa 50, haka har "9" mai 57. Da wannan take sanin wanda ke gaba da wanda ke baya idan aka ce ta jera su. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma kowanne yana da tasa lambar, shi ya sa ake iya rubuta Hausa daidai a waya.

Yanzu ga dabarar. Mu ɗauki 39 × 186 = 7254. A mai da lambobin uku kirtani, a ƙulla su:

"39" + "186" + "7254" = "391867254"

A zare 'ya'yan, a sake jera su daga ƙarami zuwa babba:

"123456789"

Shi ke nan. Idan abin da ya fito ya zama 1 zuwa 9 cif, lissafin ya ci. Idan ya bambanta ko da ƙwaya ɗaya, ya faɗi. Wannan gwaji guda ya ɗauke mana duk sharuɗɗan. Idan akwai sifiri, zai fito a gaban layi. Idan ƙwaya ta maimaitu, za a ga tagwaye kusa da juna. Idan kirtanin ya yi tsawo ko ya gaza, ba zai yi daidai da namu ba.

Mu ga wanda ya faɗi. 46 × 158 = 7268. A ƙulla: "461587268". Tsawonsa tara, kamar zai yi. A jera: "124566788". Ga 6 biyu, ga 8 biyu. Babu 3, babu 9. Ya faɗi.

Ga wani. 73 × 486 = 35478. A ƙulla: "7348635478". A ƙirga 'ya'yan, goma ne. Ba sai an jera ba.

Wani zai ce, me ya sa ba za a tara ƙwayoyin kawai ba? Ai 1 zuwa 9 idan aka tara su 45 ne. Gaskiya ne, 45 ne. Amma biyar sau tara ma 45 ne. Kirtanin "555555555" zai wuce wannan gwaji, alhali kati ɗaya ne aka maimaita sau tara. Tarawa tana ɓoye kuskure. Jerawa tana tona shi. A ganina wannan ne ya sa hanyar kirtani ta fi dacewa da mai koyo: abin da kwamfuta take yi shi ne daidai abin da za ka yi da katunanka a tabarma.

UMARNIN DA ZA A BA TA

Da Hausa, ga abin da za mu gaya wa kwamfuta. Ɗauki lamba ta farko daga 1 zuwa 99. Ga kowace ɗaya, ɗauki lamba ta biyu daga 100 zuwa 9999. Ninka su. Mai da ukun kirtani, ki ƙulla. Jera 'ya'yan. Idan sun zama 1 zuwa 9, rubuta mana. Idan ba su zama ba, wuce gaba.

Amma kwamfuta ba ta jin Hausa irin wannan, ba ta jin Turanci irin na hira ma. Tana da nata harsuna masu ƙa'ida. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi koya wa masu farawa shi ne Python. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fito da shi a shekarar 1991. Kyauta ne, kuma akwai manhajojin da ke sa ya yi aiki a babbar waya. Ga umarninmu a cikinsa, layi shida:

for farko in range(1, 100):
    for biyu in range(100, 10000):
        amsa = farko * biyu
        kirtani = str(farko) + str(biyu) + str(amsa)
        if sorted(kirtani) == sorted("123456789"):
            print(farko, biyu, amsa)

Kada yawan alamomin ya tsorata ku. Kalmomi huɗu namu ne: farko, biyu, amsa, kirtani. Sunaye ne da mai rubutu ya zaɓa, kamar yadda ake sa wa buhu alama. Sauran na harshen ne, kuma kaɗan ne.

Layi na ɗaya yana cewa: bi lambobi daga 1, ki tsaya kafin 100. Wato 99 ce ta ƙarshe. Layi na biyu haka, daga 100, a tsaya kafin 10000. An tura layi na biyu ciki kaɗan don a nuna yana ƙarƙashin na ɗaya. Ma'ana, sai lamba ta biyu ta zagaye duka kafin ta farko ta matsa taki ɗaya. Kamar mai shuka ne, sai ya kai ƙarshen kunya kafin ya koma kunya ta gaba.

A layi na uku, tauraron nan shi ne alamar sau. A layi na huɗu, kalmar str ita ce mai mai da lamba kirtani. Idan aka manta da ita, kwamfuta za ta tara lambobin maimakon ta ƙulla su, aikin ya lalace. Wannan kuskure ne da masu koyo suke yawan yi. A layi na biyar, if tana nufin idan, sorted kuma ita ce mai jerawa. Alamar daidai guda biyu tambaya ce: shin wannan da wancan ɗaya ne? Layi na shida yana cewa a rubuta a fuskar na'ura.

Gwaji nawa za ta yi? Lambobin farko 99 ne. Na biyu 9900 ne. A ninka: 99 × 9900 = 980,100. A ce mutum yana gama gwaji ɗaya a minti ɗaya, yana aiki awa takwas kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Zai yi kwana fiye da 2,000, wato shekara biyar da rabi da ɗoriya. Kwamfuta tana gamawa cikin 'yan sakan kaɗan.

Ku lura, ba mu gaya mata dabarar wutsiya ba. Ba mu ce ta tsallake 1 da 5 ba. Tana gwada har da 99 × 9999, wanda yaro ma ya san ya yi yawa. Da aikin ya fi haka girma, da dole a koya mata ragewa. A nan kuwa saurinta ya rufe rashin wayonta. Amma iyakar da muka sa mata, 99 da 9999, daga tunaninmu ta fito, lokacin da muka gano amsa ƙwaya huɗu ce.

Idan ta gama, shiri tara take fitarwa, ba ƙari ba ragi. Ga bakwai daga ciki:

4 × 1738 = 6952
4 × 1963 = 7852
12 × 483 = 5796
18 × 297 = 5346
28 × 157 = 4396
39 × 186 = 7254
48 × 159 = 7632

A siffar farko 4 ce kaɗai ta yi nasara, har sau biyu. Biyu da uku da shida da bakwai duk ba su sami komai ba. Sauran shiri biyu mun ɓoye su, za ku nemo su a ƙasa.

INDA WANNAN YA SHAFE MU

Duk lokacin da kuka je wurin mai POS, irin wannan aikin na kirtani ake yi a gabanku. Lambar asusun banki a Nijeriya ƙwaya goma ce. Lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, goma sha ɗaya ce. Idan aka shigar da ƙwaya tara a wurin asusu, na'ura za ta ƙi. Ta ƙirga 'ya'yan kirtanin ne ta ga ba su cika ba. Idan harafi ya shiga cikin lambobi, za ta ƙi. Ta duba su ɗaya-ɗaya ne.

Amma cikar ƙwayoyi ba ta nuna cewa lambar ta wanda kake nufi ce. Mai sayen katin waya ta hanyar turawa, idan ya juya ƙwaya biyu, ya rubuta 63 a wurin 36, lambar tana nan goma sha ɗaya, kuɗin kuwa ya tafi wayar wani. Don haka a karanta lamba ƙwaya-ƙwaya, da yatsa a kai. Wurin tura kuɗi kuma a sa mai na'ura ya nuna sunan da ya fito, a karanta da ido kafin a yarda.

Akwai kuma wata tsohuwar hanyar duba lissafin sau da take bin ƙwayoyi ɗaya-ɗaya. Tana da amfani ranar kasuwa. A ce an yi lissafin 48 sau 159, an ce 7632. A tara ƙwayoyin 48: 4 da 8, 12. A sake: 1 da 2, 3. A tara na 159: 15, sai 1 da 5, 6. A ninka 3 da 6, 18, sai 1 da 8, 9. Yanzu a tara na amsa: 7 da 6 da 3 da 2, 18, wato 9. Tara da tara sun haɗu. Da mai lissafi ya ce 7532, za a sami 17, wato 8. Ba su haɗu ba, akwai kuskure tabbas. Sai dai wannan hanya ba ta kama juyin ƙwaya. 7362 ma zai ba da 9. Idan ba su haɗu ba, lissafi ya ɓaci. Idan sun haɗu, mai yiwuwa ne daidai, amma in kuɗin da yawa a sake ninkawa.

AIKIN GIDA

1. Ku ɗauki 28 × 157 = 4396. Ku ninka da hannu ku tabbatar. Sannan ku rubuta ƙwayoyin tara a layi ɗaya, ku sake jera su daga ƙarami zuwa babba.

2. Wannan ya ci ko ya faɗi: 26 × 345 = 8970? Ku faɗi dalili biyu.

3. Mene ne 27 + 54? Mene ne kuma "27" + "54"?

4. Ga shiri na takwas: 27 × ___ = 5346. Ku cire katunan da suka riga suka shiga. Uku za su rage a tabarma. Ku juya su har lissafin ya yi.

5. Ga na tara: 42 × ___ = 5796. Ku bi hanyar da kuka bi a na huɗu. Dabarar wutsiya za ta rage muku aiki.

Ku yi aikin biyu-biyu ko uku-uku, ɗaya yana ninkawa, ɗaya yana riƙe da katuna. Wanda ya gama ya kai wa malamin ajinsa ya duba. Amsoshin za su fito a wannan fili wata mai zuwa.